Kofi shida na na'a na'a: abinda ya faru da zoɓon Gwaggona a azumin 2024

Gwaggona zoɓo take saidawa a wani ƙauye dake gefen Kura, ta ɓangaren da ruwan Tiga ke ratsawa, kuma tun ina 'yar firamare na taso na ganta a kan sana'ar nan. Abinda yasa nata ya fita daban da na sauran matan unguwa shine na'a na'a. Ita bata cika filebo ba, citta ce da kanumfari, ɓawon abarba in an samu, suga, sai ɗanyen ganyen na'a na'a da take zubawa a ƙarshe. Jarka ɗaya take yi a rana, irin mai lita 25 ɗinnan, a ƙulla wani a leda a ɗura wani a robobi, yara su ɗau kula su kai bakin makaranta da tasha. Duk tsawon shekarun nan ba'a taɓa dawowa ance yau zoɓon ya sake ba, dan hannu ɗaya ne ke zuba komai, nata, damƙa uku na ganye take ɗiba ta watsa bata ma kallo.

Ganyen kuwa wurin wani dattijo mai lambu take karɓa. Tunda aka gama dam ɗin Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, aka ja ruwa ta magudanai zuwa su Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, yankin nan ya zama na noman rani, shinkafa ce, tumatir ne, albasa ce, alkama ce. Na'a na'a dai ba mai ware mata gona, a gefen kwami ake dasa ta kusa da ruwa, reshe kawai za'a tsira ya kama, saiwar ta dinga yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa har mai lambun ya fara faɗa da ita. Saidawa kuma ɗauri ɗauri ne, ba maganar sikeli.

Azumin 2024 ya faɗo tsakanin Maris da Afrilu, tsakiyar bazara, zafin da kowa ya sani, wani lokacin har ya haura digiri 40. Ciniki ya buɗe mata ta inda bata zata ba. Wani mai kanti a cikin Kura dake da firji mai sola yace a dinga kawo masa kullum, sannan wani alhaji ya bada odar na buɗa baki da za'a dinga kaiwa masallaci. Daga jarka ɗaya aka koma huɗu. Gwaggo ga ciwon ƙafa ga azumi, ba yadda za'ai ta tsaya kan tukunya huɗu, sai ta raba aikin, ita ɗaya, babbar 'yarta ɗaya, matar ɗanta ɗaya, 'yar riƙonta ɗaya.

Zoɓo da suga basu bada wahala ba, kwano da gwangwani aka saba auna su dasu. Citta da kanumfari ma ita ke dakawa ta raba kashi huɗu. Da aka zo kan na'a na'a ne matar ɗanta tace "Umma hannunki ai ba irin namu bane, ki faɗa mana da kofi." Gwaggo ta ɗebi damƙarta uku, ta ɗau gwangwanin madara tana cusawa tana juyewa a faranti, ya tashi shida. Tace to kofi shida a kowace jarka. Magana ta ƙare a nan, kowa ta tafi da kofi shida a kanta, ba wacce ta tambayi wane kofi, ko a danna ne ko kar a danna.

Ba'a rufa sati ba ƙorafi ya fara shigowa. Mai kantin ya aiko yaro da robobi a leda yace a ɗanɗana, wai kwastomominsa sunce wani kamar an matsa makilin a ciki, wani kuma salam ba ƙamshin komai, zoɓo ne kawai da suga irin na kowa. Na masallaci basu ce komai ba, sadaka ce, amma alhajin ya tambaya ta bakin matarsa ko an canza mai yi ne. Wannan tambayar ita ta fi yi wa Gwaggo zafi.

Da farko komai aka zarga banda awon. Aka ce zoɓon ne, dan a lokacin an sayo wani buhu daga ɓangaren Jigawa mai duhu sosai wanda ya fi tsami, to ko shi ke danne ƙamshi. Aka ce ruwan burtsatse ne, a koma na rijiya. Aka ce ko mai lambu ya fara haɗawa da ɗaɗɗoya tunda ya ga ana saye da yawa, bawan Allah bai san ma ana yi ba. Wata maƙwabciya kuma tace ba komai bane illa baki, kasuwa ta buɗe dole ido ya yi yawa, a nemi rubutu. Gwaggo dai bata musa mata ba, amma da daddare ta kira ni a waya tace "ke 'yar nan, ke da kika yi boko, zo ki duba mun abin nan, dan ni nasan hannuna bai canza ba."

Abinda ya fara zo mun shine in duba a waya, kofi ɗaya na ganyen na'a na'a giram nawa ne, in ninka sau shida mu huta. Sai na tarar kowane wuri da lambarsa, nan ace 14, can ace 25, wani 30, wani 50, har da mai cewa 90, kuma duk kofi ɗaya suke nufi. Ba wai ƙarya suke ba. Ko a jadawalin abinci na ma'aikatar noma ta Amurka, USDA, wanda yawancin shafukan ke kwafowa daga ciki, na'a na'a iri biyu ce kuma nauyinsu ya sha bamban. Wadda masana tsirrai ke kira Mentha spicata an rubuta babban cokali 2 giram 11.4, ita kuma Mentha piperita babban cokali 2 giram 3.2. Kofin Amurka babban cokali 16 ne, to in kin lissafa ɗaya ta tashi wajen giram 91 a kofi ɗayar kuma wajen 26. Duka biyun in an fassara mana na'a na'a za'a ce. Sun ma bambanta a baki, ita piperita ita ce mai mentol da yawa, mai sanyin nan dake hawa hanci, spicata kuma ƙamshinta ya fi laushi da ɗan zaƙi zaƙi, kuma irinta ce ake cika butar shayi da ita a Maroko.

Sai kuma shi kansa kofin. Na Amurka mililita 237 ne, ana zagaye shi ace 240. A Ostireliya kofi 250 ne, a Japan 200. Babban cokali 15 ne kusan ko'ina amma a Ostireliya 20 ne, ƙaramin cokali 5. Mu kuma a nan in ance kofi zai iya zama gwangwanin madara, wanda bai wuce kashi biyu cikin uku na kofin Amurka ba, zai iya zama kofin shayi na tangaran da aka jera a kabet, zai iya zama moɗar randa da ta kusa rabin lita. Gaskiya da naga haka sai na aje wayar, dan lambar wani a wata ƙasa da ganyen wata ƙasa ba zata gyara zoɓon Gwaggo ba.

Akwai wata amarya a layinsu mai yin kek da cincin, tana da ɗan ƙaramin sikelin kicin mai batir, shi muka aro. Kafin komai sai da muka gwada shi da ruwa, tunda mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne, aka ɗora robar da babu komai aka danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, aka juye ruwan roba mai 50cl, ya nuna kusa da 500, muka ce to lafiyarsa ƙalau. Da safe bayan an kawo ganye muka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, aka kife wani faffaɗan murfin tukunya aka ɗora sikelin dan ƙasar ba daidai take ba, iska ma in ta kaɗa sai lambar ta dinga rawa, sai da 'yar riƙon ta tare da faifai. Nace kowa ta ɗauko abinda take awo dashi ta auna kofi ɗaya yadda ta saba, kar ta gyara komai dan ana kallo.

'Yar riƙon ce ta fara. Gwangwanin madara ne nata, tana tsinke ganyen ɗaya bayan ɗaya tana sakawa a hankali kamar tana tsoron ya ji ciwo, da ya kawo baki ta tsaya. Giram 11. Matar ɗan Gwaggo ita ma gwangwanin ne, amma ita sai ta tattara ganyen ta yanka da wuƙa ƙanana irin yankan alayyahu sannan ta cika, ya bada wajen 35. Babbar 'yar tata kuwa sai gata da moɗa, jar roba mai mariƙi, ta cika ta danna da tafin hannu ta ƙara ta sake dannawa har ganyen na ƙara a ƙarƙashin yatsunta, da ƙananan rassan da komai. Giram 75. Kowa ya yi shiru, sai Gwaggo ce tace "la'ilaha illallahu, yanzu wannan kike zuba mun sau shida?" Ita kuma tace "to Inna ba kofi kika ce ba."

Ƙarshe aka ce Gwaggo ta yi nata. Ta ɗebi damƙa uku aka ɗora, 148. Aka mayar cikin kwando aka cakuɗa ta sake ɗiba, 153. Duk yadda aka maimaita bata yi nisa da 150 ba, abin har ya bani mamaki, hannun da ya shekara ashirin da wani abu yana abu ɗaya ba wasa bane. Gwangwanin da ta cusa ranar farko kuwa, dannawar tsaka tsaki da yatsa biyu, 25 yake bayarwa, shida kenan 150, ita lissafinta daidai ne tun farko.

To ga yadda kofi shida ya kasance a jarkoki huɗu. Ta Gwaggo giram 150. Ta 'yar riƙo 66. Ta matar ɗa 210. Ta babbar 'ya 450. Tsakanin ta ƙasa da ta sama kusan ninki bakwai, a gida ɗaya, ganye ɗaya, daga lambu ɗaya, kuma duk ana haɗa robobin a kula ɗaya a kai wa mai kanti, shi yasa wani ya ɗauka yaji salam wani ya ɗauka ya ji hancinsa na sanyi.

Dalilin bashi da wuya in mutum ya tsaya ya duba. Kofin Amurka in kin cika shi da ruwa giram 237 ne, in kin cika shi da ganyen na'a na'a sakwa sakwa baifi 15 zuwa 20 ba. Kinga fiye da kashi tara cikin goma na abinda ke cikin kofin iska ce. Shinkafa ko suga ko gero in kin zuba su da kansu suke zama, ko wa ya auna bambancin kaɗan ne, shi yasa kwano ya yi mana aiki tun kaka da kakanni. Ganye kuwa yadda kika aje shi haka zai tsaya, ya lanƙwashe ya tokare ɗan uwansa ya bar rami, in kin danna ya shige in kin yanka ya ƙara shigewa. Abinda kofi ke aunawa a nan ƙarfin hannun mai zubawa ne. Girman ganyen ma na shiga ciki, manyan ganyen ƙasan reshe sun fi barin rami akan ƙananan toho na sama.

Tunda sikelin na hannu sai muka ci gaba da gwada wasu abubuwan da zasu iya kawo bambanci, kuma a nan ne naga shima sikelin yana da nashi tarkon. Na farko ruwan wanki. Ganye giram 100 da aka wanke aka girgiza kawai aka ɗora, sai da ya haura 120, dan ganyen na'a na'a yana da ƙananan kwaruruka a jikinsa dake riƙe ruwa. Wato in kin auna shi jiƙe, kashi ɗaya cikin biyar ko shida ruwan rijiya kika auna. Dole a zaɓi ɗaya, ko a auna kafin a wanke, ko a wanke a baza a faifai a inuwa ya tsane tukunna. Mu kafin wanki muka zaɓa dan ya fi sauƙi, ƙurar dake jiki bata kai a damu da ita ba.

Na biyu yaushi. Ganyen da aka yanko da asuba, in ya kai la'asar a zafin bazara ya gama laushi ya kwanta. Ɗanyen na'a na'a kusan kashi 85 cikin 100 ruwa ne, to yana yaushi yana rasa ruwa, nauyi na raguwa. Amma ga abin lura, a sikeli raguwar kaɗan ce, a gwangwani kuwa abin ya yi muni, dan ganyen da ya yi yaushi baya tokarewa, kwanciya yake a kan juna, gwangwanin da ya ɗauki 11 da safe ya ɗauki kusan 20 da yamma ba tare da an danna ba. Ko da ace duk su huɗun gwangwani ɗaya suke amfani dashi da hannu iri ɗaya, mai dafawa da safe da mai dafawa bayan azahar ba zasu fitar da abu ɗaya ba.

Na uku kara. Ɗaurin da Baba mai lambu ke kawowa in an tsinke ganyen da tohon sama mai laushi, abinda ke saura na kara mai tauri ya kusa rabin nauyin. Man dake bada ƙamshin a wasu ƙananan ƙwayoyi yake a fatar ganyen, mafi yawa ta bayansa, shi yasa in kin murza da yatsa ƙamshin ke tashi nan take ya kama hannu har bayan an wanke. Karan yana da ɗan ƙamshi amma bai kai ganye ba. To duk mai cewa giram kaza ya kamata ya faɗi da kara ne ko ba kara. Gwaggo ganye da toho take sawa, karan awaki ake watsa wa, su ma ba sosai suke ci ba.

Akwai kuma wani abu da ya fito wanda bai shafi awo ba sam, kuma da bamu zauna mun kalli kowa tana aikinta ba da ba za'a gano ba. 'Yar riƙon, banda ƙarancin ganyen, tun farko take zuba shi tare da zoɓon ya tafasa tare. Man na'a na'a mai tashi ne, yana bin tururi, gida ya cika da ƙamshi maƙwabta suna santi amma tukunyar ba komai a ciki sai ɗan bauri. Babbar 'yar kuma saboda ganyenta yayi yawa baya nutsewa, sai ta ɗau muciya tana dannawa tana murzawa, wani lokacin ta barshi a ciki har zoɓon ya huce, nan ɗaci da warin ɗanyen ganye ke fitowa. Gwaggo ita sai ta sauke tukunya take zubawa, ta rufe da murfi, kamar minti goma zuwa sha biyar ta tace. Bata taɓa faɗa musu ba dan a ganinta wannan ai kowa ya sani.

Abinda aka tsayar a ƙarshe, giram 6 na ganye a kowace lita, 150 a jarka, a auna kafin wanki, ba kara mai tauri, a zuba bayan an sauke. Lita ce ma'aunin ba jarka ba, saboda ranar da za'a yi rabin jarka ko a yi na biki a babbar tukunya, lita 10 giram 60, lita 40 giram 240, ba sai an kira kowa a waya ba.

Saura matsala ɗaya, sikelin na aro ne, amarya na buƙatar abinta, kuma Gwaggo tace ita ba zata sayi abin da batir ɗinsa zai mutu ranar da ake tsakiyar aiki ba. Ƙanin mijinta ne, tsohon mai awon hatsi, ya kawo dabara. Aka samu sanda miƙaƙƙiya aka ɗaure igiya a tsakiyarta daidai inda take tsayawa ba ta karkata ba, aka rataye a reshen darbejiya, aka ɗaura leda iri ɗaya a kowane gefe. Sannan aka auna yashi giram 150 a sikelin amarya aka ƙulle a ƙyalle aka ɗinke bakin, aka yi wani na 60 da na 30. Yanzu yashi a gefe ɗaya ganye a ɗaya gefen, in sanda ta miƙe an gama. Wanda bashi da sikelin da zai ara ma zai iya farawa da dunƙulen Maggi mai tauraro, kowane ɗaya giram 4 ne, goma 40, sha biyar 60. Ba zai kai na dijital daidai ba amma kuskuren 'yan giram ne, ba ninki bakwai ba. Ni a ganina ma ya fi sikelin dacewa da gidan, dan yarinya 'yar shekara goma zata iya, ba karatun lamba.

Shi ƙaramin sikelin ma ya kamata a sani, irin na kicin ɗinnan giram ɗaya ɗaya yake tafiya, in kika ɗora ganye cokali ɗaya zai iya nuna 2 zai iya nuna 4 ko ma ya tsaya a sifili. Ga mai shayin gida ko mai haɗa lemon kokwamba jug ɗaya, wahalar banza ce, ƙirga reshe ya fi, ko kawai a ɗanɗana. Awo da nauyi na mai yin da yawa ne, ko inda hannu fiye da ɗaya ke aiki, ko mai saidawa da kwastoma ke tsammanin na yau ya zama irin na jiya. Wacce kuma ta ga girki a Facebook ko TikTok ance kofi ɗaya ba'a yi bayani ba, in ganye ne zube ba dannawa ta ɗauka 15 zuwa 20, in ance a danna 30 zuwa 40, in yankakke ne zai iya kaiwa 50 ko fi, ta fara da na ƙasa dan ƙarawa ta fi ragewa sauƙi, in ya yi mata ta auna da kofinta ta rubuta lambarta.

Maganar busasshe ta taso ne wajen goman ƙarshe, ranar da ganyen ya yanke saboda masu shayi da masu lemo duk sun yi wa lambun caa. Matar ɗan tana da busasshiyar na'a na'a a kwalba, kuma ta taɓa ji ance ɗaya bisa uku ake sawa, sai tace to a sa giram 50. Ƙa'idar gaskiya ce amma ta cokali ce, babban cokali ɗaya na ɗanye a madadinsa ƙaramin cokali ɗaya na busasshe, tunda ƙaramin cokali uku ke yin babba. A sikeli lissafin daban ne. Ɗanye kashi 85 ruwa ne, busasshe ruwan da ya rage a jikinsa wajen kashi 11 ne, to giram 100 na ɗanye in ya bushe 16 ko 17 yake komawa, wato wajen ɗaya bisa shida. Giram 150 kenan 25 ne, 50 ɗin da ta ce ninki biyu ne. Sai dai bushewa na tafiya da wani ɓangare na ƙamshin, musamman in a rana aka shanya, shi yasa da Gwaggo ta ɗanɗana bayan shan ruwa tace a ƙara kaɗan, aka tsaya a 30. Ɗanɗanon dai ba ɗaya bane da na ɗanye, ya fi nauyi ya fi kama da shayi, ranar mai kanti bai yi magana ba amma ita tace bata son a saba.

Bayan gyaran robobi basu sake dawowa ba, kuma mai kantin ya ci gaba da karɓa har bayan sallah duk da ya rage yawa. Ta ɓangaren kuɗi ma an ga canji, dan jarkoki huɗun da suna cin giram 876 a rana, yanzu 600, kusan kashi ɗaya cikin uku na ganyen da ake saye ashe a banza yake tafiya, kuma shine ma ke ɓata zoɓon. Da damina ta shigo ganyen ya yi manya manya ya cika ruwa, ƙamshin bai kai na rani ba, sai da aka ƙara ƙullin yashi na 30 a kan na 150, wannan kuma bakin Gwaggo ne ya yanke ba sanda ba.

Inda ba'a daidaita ba har yanzu shine wurin saye. Na raka ta lambun tace "Malam, da zaka dinga auna mun da kilo da mun huta, ɗaurin nan yau babba gobe ƙarami." Yayi dariya yace "Hajiya ni tunda nake ban taɓa ɗora ganye a sikeli ba, kuma in na fara miki gobe mai shayi ma zai ce a auna masa." Shi in abu yayi tsada baya ƙara kuɗi, ɗaurin yake ragewa, in ruwa ya wadata kuma ya ƙara ba tare da an roƙa ba, har da gyara. Ta barshi a haka. Yanzu ɗauri ɗaya take ƙarawa a kan abinda take ganin zai isa, a tsinke a auna na ranar, abinda ya yi saura a baza shi a faifai a cikin ɗaki ya bushe a zuba a kwalba.